Inji da Mahayi: Bunƙasar Baburan Sukuwa da na Dogon Zango

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin yadda babur ya tashi daga keke mai ɗan inji, har ya zama abin hawa mai iya cin kilomita 300 cikin awa guda, da kuma yadda wannan gudu ya tilasta wa maƙera su raba manyan babura gida biyu. Gidan farko shi ne wanda za a kira a nan baburan sukuwa, watau waɗanda aka ƙera musamman domin zafin gudu da shan kwana, ko da kuwa mahayi zai sha wuya. Gida na biyu kuwa shi ne baburan sukuwa da zango, waɗanda ake so su yi gudu kusan kamar na farkon, amma kuma su ɗauki mutum biyu da kayansu tun daga hantsi har faɗuwar rana ba tare da sun karya musu baya ba. An aro waɗannan sunaye ne daga harkar dawaki, domin duk wanda ya san doki ya san wanda ake fito da shi ranar sukuwa daban yake da wanda ake ɗaura wa sirdi in za a yi tafiyar kwana uku.

Akwai ma'auni biyu da za su riƙa fitowa a cikin bayanin. Na ɗaya shi ne girman inji, wanda ake aunawa da si-si, watau faɗin cikin silindar da fistin ke kai da komo. Na biyu shi ne ƙarfin inji, wanda ake aunawa da ƙarfin doki. Domin a sami abin kwatance, babur ɗin haya da aka saba gani a garuruwan ƙasar Hausa injinsa si-si 100 ne zuwa 125, ƙarfinsa kuwa bai cika wuce na doki 10 ba. Waɗanda za a yi magana a kansu a nan akwai masu ƙarfin doki 200.

Sa'an nan akwai wata ƙa'ida ta kimiyya wadda in ba a riƙe ta ba, tarihin ba zai fahimtu ba. Babban abokin gaban mai gudu shi ne iska. In aka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska kan ninku sau huɗu, ƙarfin da inji ke bukata domin ya keta ta kuwa ya ninku sau takwas. Haka kuma tazarar da birki ke bukata kafin babur ya tsaya takan ninku sau huɗu. Saboda haka duk lokacin da aka ƙara wa inji ƙarfi, sai a tarar an bar wani sashe a baya: yau firam, gobe birki, jibi taya, daga ƙarshe kuma jikin mahayin kansa.

Zamanin Ingila

A Jamus aka haifi babur. Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach sun ɗora injin fetur a kan keken katako cikin 1885, kamfanin Hildebrand da Wolfmüller na birnin Munik kuma ya fara ƙera babura domin sayarwa cikin 1894. Amma a Ingila ne gudu ya zama sana'a. Cikin 1907 aka fara tseren nan na tsibirin Man, wanda ke tsakanin Ingila da Ailan, daga 1911 kuma aka mai da shi kan hanyar da ke hawa dutse, mai tsawon kimanin kilomita 60, wadda ke ratsa ƙauyuka, ta bi tsakanin katangun duwatsu da turakun fitilu. Kamfanin da ya ci wannan tsere ya ci kasuwa.

Cikin 1924 George Brough na birnin Nottingham ya fito da babur ɗin da ya kira Brough Superior SS100, yana ba kowane mai saye takardar shaida cewa an gwada babur ɗin ya kai mil 100 a awa, watau kilomita 160. A kan irin wannan babur ne T. E. Lawrence, Baturen nan da ya yi suna a yaƙin ƙasar Larabawa, ya faɗi cikin 1935, ya rasu bayan kwana shida saboda raunin da ya samu a kai. Ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, ya duƙufa kan binciken raunin kai, bincikensa ne kuma ya sa rundunar sojan Ingila ta wajabta wa masu hawan baburanta sa hular kwano cikin 1941. Farar hula kuwa sai 1973 dokar ta hau kansu. A lura da tazarar: kusan shekara 50 tsakanin babur mai mil 100 da dokar hular da za ta kare kan mahayinsa.

Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanin Vincent ya fito da Black Shadow cikin 1948, mai si-si 998, wanda ke kai kilomita 200 a awa. Sai dai abin da ya fi wannan muhimmanci a tarihin ƙira bai shafi inji ba ko kaɗan. Cikin 1950 wani maƙeri na Belfast, Rex McCandless, shi da ɗan'uwansa, suka ƙera wa kamfanin Norton sabon firam, watau ƙwarangwal ɗin ƙarfen da ke riƙe inji da tayoyi. Sun lanƙwasa bututu biyu sun zagaye injin da su, suka sa shakazoba a baya, sai babur ya daina wutsil-wutsil a kwana. Mahaya suka yi masa laƙabi da katifar gashin tsuntsu. Injin Norton mai silinda ɗaya tsoho ne a lokacin, amma da wannan firam Geoff Duke ya ci tsibirin Man a shekarar. Samarin Landan masu taruwa a gidajen shayi na bakin hanya sun gane darasin sarai, domin sukan cire injin Triumph, wanda ya fi ƙarfi, su dasa shi cikin firam ɗin Norton, wanda ya fi natsuwa, su sauke mariƙin hannu ƙasa, su tura matakin ƙafa baya, mahayi ya kwanta bisa tanki domin ya ɓuya wa iska. Wannan kwanciya ita ce siffar babur ɗin sukuwa har yau.

Shigowar Japan

Kamfanin Honda ya fara zuwa tsibirin Man cikin 1959 da ƙananan babura, Turawa na yi masa kallon baƙo mai neman suna. Cikin 1961 ya ci ajin si-si 125 da na 250. Duk da haka masana'antun Ingila suka ci gaba da zaton cewa Japanawa za su tsaya ne a kan ƙananan babura, su bar musu manya. Wannan zato ya ci su.

Cikin 1969 Honda CB750 ya shiga kasuwa. Silinda huɗu ne a jere, si-si 736, ƙarfin doki wajen 67, gudunsa na kai kilomita 200. Vincent ya riga ya kai wannan gudun shekara 21 kafin nan, saboda haka abin da ya girgiza kasuwa shi ne sauran abin da ya zo da shi. Yana da birkin faifai a gaba, alhali na sauran birkin ganga ne mai sanyi in ya yi zafi. Ana tayar da shi da danna maɓalli, ba sai an yi ta buga kik ba. Ba ya ɗigar da mai a tsakar gida, fitilarsa ba ta mutuwa da dare, kuma a Amurka dala 1,495 ake sayar da shi. A taƙaice, gudun da a da sai attajiri ko makanike ke iya mallaka, ya zama abin da ma'aikacin ofis zai saya ya hau ran Litinin. Kawasaki ya biyo baya da Z1 cikin 1972, mai si-si 903 da ƙarfin doki 82. Kafin ƙarshen 1973 kamfanin BSA, wanda ya taɓa zama mafi girman masu ƙera babura a duniya, ya durƙushe, tsohuwar masana'antar Triumph ta Meriden kuma ta yi ta jan ƙafa har aka rufe ta cikin 1983.

Amma Japanawa su ma sun faɗa ramin da aka ambata tun farko. Injunansu na shekarun 1970 sun fi ƙarfin firam ɗinsu nesa ba kusa ba. Bututun ƙarfe siriri ne, tayoyi sirara, shakazoba mai laushi, in mahayi ya shiga kwana da gudu sai ya ji babur yana murɗawa a ƙarƙashinsa kamar an sa masa gaɓa a tsakiya. Mafi muni a wannan fanni su ne baburan Kawasaki masu silinda uku da inji mai bugu biyu, H1 na 1969 da H2 na 1972, waɗanda ƙarfinsu kan zo gaba ɗaya farat ɗaya, tayar gaba ta tashi sama. Turawa suka yi musu laƙabi da masu mai da mata zawarawa. A wannan lokaci Italiyawa, waɗanda ba su da kuɗin Japan, sun riƙe darasin Norton: cikin 1972 Paul Smart ya ci tseren Imola a kan Ducati mai silinda biyu kacal, ƙirar Fabio Taglioni, wanda ƙarfinsa madaidaici ne amma yana bin kwana kamar an ja masa layi.

Rabuwar hanya

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa. Har zuwa tsakiyar shekarun 1970 babban babur guda ɗaya ne: da shi ake zuwa aiki, da shi ake tsere, da shi ake tafiya. Da gudu ya wuce kilomita 160, sai wannan ya gagara, dalili kuwa jikin ɗan Adam ne. Mahayin da ya zauna a miƙe, ƙirjinsa ya zama tamkar tabarmar da aka shanya wa guguwa, wuyansa da damatsansa su gaji cikin rabin awa. In kuwa ya kwanta bisa tanki ya tsira daga iska, nauyinsa ya koma kan wuyan hannu, gwiwoyinsa su naɗe, bayansa ya ƙage. A filin tsere, inda ake gamawa cikin minti 40, wannan ba kome ba ne. A hanyar Hambug zuwa Milan kuwa azaba ce.

Jamusawa ne suka fara neman mafita, kuma ba abin mamaki ba ne, domin su ke da manyan hanyoyin da a wurare da dama doka ba ta ƙayyade gudu ba. Cikin 1976 BMW ya fito da R100RS, wanda Hans Muth ya zana wa garkuwar iska cikakkiya, aka gwada ta a ɗakin gwajin iska, aka kafe ta a jikin firam maimakon a jikin mariƙin hannu. Injinsa si-si 980 ne, ƙarfin doki 70, bai kai na Kawasaki ba. Sai dai mahayinsa na iya riƙe kilomita 160 awa bayan awa, ruwan sama da sanyi na wuce shi ta gefe, kuma sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya maimakon sarƙa, saboda haka babu tsayawa ɗaure sarƙa ko shafa mata mai. A nan ne aka gane cewa wanda ya riga isa masauki shi ne wanda ya fi daɗewa bisa sirdi, ko da wani ya fi shi zafin gudu na ɗan lokaci. Daga wannan babur ake lissafin asalin baburan sukuwa da zango.

Ɗaya gidan kuma ya kama tasa hanya cikin shekara biyu. Kawasaki GPZ900R na 1984, wanda aka fi sani da Ninja, ya zo da inji mai bawul 16 da lagireto, ya kai kimanin kilomita 240 a awa. Cikin 1985 Suzuki ya fito da GSX-R750, wanda ya zama zakaran gwajin dafi: firam na alminiyam, nauyi ƙasa da kilo 180 in babu mai, siffa kuwa ta babur ɗin filin tsere da aka liƙa wa fitila da lamba. Tayoyin radiyal, masu faɗi da riƙon kwalta, sun iso kasuwa a daidai wannan lokaci, Michelin ya fito da nasa cikin 1987. Sai a lokacin ne za a ce firam da taya suka kamo inji. Gasar duniya ta baburan kasuwa da aka fara cikin 1988 ta ƙara wa abin wuta, domin ƙa'idarta ita ce sai kamfani ya sayar wa jama'a irin babur ɗin da zai yi tsere da shi.

Wanda ya fi kowa fahimtar al'amarin shi ne Tadao Baba, injiniyan Honda, wanda ya taɓa zama ɗan tsere. Ra'ayinsa shi ne rage nauyi ya fi ƙara ƙarfi amfani, domin ƙarfi a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai yake taimako, rashin nauyi kuwa yana taimako a tashi, da kwana, da birki. FireBlade ɗinsa na 1992 si-si 893 ne amma kilo 185, kusan nauyin babur mai si-si 600. Ducati 916 na Massimo Tamburini ya biyo cikin 1994, Yamaha R1 kuma cikin 1998 da ƙarfin doki 150 a kan kilo 177.

A ɓangaren zango kuwa ci gaban bai yi amo kamar haka ba, ko da yake a ganin masu yawan tafiya shi ya fi amfani. Honda VFR750 na 1986 ya yi suna da ƙarko da daidaito, bayan da wanda ya gabace shi ya ɓata wa kamfanin suna da saurin cinyewar kayan cikin inji. BMW ne ya fara sa birkin ABS a babur cikin 1988, watau birkin da ke hana taya ƙamewa ta ja a ƙasa in an taka shi da ƙarfi. Honda ST1100 na 1990 ya zo da tanki mai lita 28 da akwatunan kaya a gefe biyu, 'yan sandan ƙasashen Turai da dama suka ɗauke shi abin aiki. Yamaha FJR1300 ya biyo sahu cikin 2001.

Yaƙin gudu da sulhunsa

Abin lura shi ne, baburan da suka riƙe kambin gudu a shekarun 1990 ba na sukuwa zalla ba ne. Dogaye ne masu nauyi, masu santsin jiki, waɗanda suka fi kusa da gidan zango, domin a gudun ƙarshe siffar da ke keta iska ta fi rashin nauyi tasiri. Kawasaki ZZ-R1100 na 1990 ya riƙe kambin shekara shida, Honda ya ƙwace cikin 1996 da babur ɗin da ya sa wa suna Blackbird, sunan wani baƙin tsuntsu. Gaba da gabanta: cikin 1999 Suzuki ya fito da Hayabusa, wanda a harshen Japan sunan wani shaho ne da ke farautar irin wannan tsuntsu. Ƙarfinsa ya kai na doki 170 da ɗoriya, masu gwaji kuma suka auna shi ya wuce kilomita 300 a awa.

A irin wannan gudu babur na cin mita 83 cikin daƙiƙa ɗaya, watau kafin mahayi ya ga abu ya kai hannu birki ya riga ya shafe kusan tsawon filin ƙwallo. Hukumomin Turai suka fara maganar hana shigo da irin waɗannan babura, ga kuma misalin Faransa a gabansu, wadda tun tsakiyar shekarun 1980 ta hana babur wuce ƙarfin doki 100, dokar da ba a janye ba sai 2016. Ganin haka, manyan kamfanonin suka yi yarjejeniya a tsakaninsu, ba tare da wata takarda da aka bayyana wa duniya ba, cewa daga wajen shekara ta 2000 za su sa na'urar da ke tsai da gudu a kilomita 299. Tsoron doka ne ya kawo wannan sulhu, injunan kuwa da sauran ƙarfinsu.

Da aka toshe wannan ƙofa, sai gasar ta koma kan yadda za a taimaki mahayi ya sarrafa ƙarfin da ya fi ƙarfin hannunsa. Cikin 2006 Yamaha R6 ya raba totur da waya: mahayi ya murɗa, kwamfuta ta yanke yawan man da za a ba inji. BMW S1000RR na 2009 ya zo da ƙarfin doki 193, tare da na'urar da ke rage wuta in tayar baya ta fara sulɓewa. Cikin 2013 kamfanin Bosch ya fito da birkin ABS mai lissafin karkatar babur a kwana, Tarayyar Turai kuma ta wajabta ABS ga sababbin baburan da suka wuce si-si 125 daga 2016. Kawasaki ya sa famfon cusa iska a injin H2 cikin 2015, samfurinsa na filin tsere mai ƙarfin doki fiye da 300, sa'an nan cikin 2018 ya ɗauki wannan inji ya sa shi a H2 SX, mai akwatunan kaya da kujerar mutum biyu. Gidajen nan biyu da suka rabu sun sake haɗuwa ke nan a kan inji ɗaya.

Sai dai kasuwa ta riga ta juya wani wajen, kuma a nan labarin ya ratso ta ƙasar Nijar. Tseren Faris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya bi ta Agadas da Yamai. Hubert Auriol ya ci shi a kan BMW cikin 1981 da 1983, Yamaha kuma ya sa wa babur ɗinsa na 1983 suna Ténéré, sunan hamadar da ke gabas da Agadas. Daga wannan tsere aka sami dogayen babura masu zama a miƙe, waɗanda da aka ba su manyan injuna da tayoyin kwalta, sai matafiya suka ga sun fi sauƙi ga gwiwa da baya, musamman da yake masu kuɗin sayen babban babur a Turai yawancinsu sun manyanta. Irin su BMW GS da Ducati Multistrada da Yamaha Tracer suka cinye kasuwar baburan zango na asali. Dokokin hayaƙi suka ƙarasa sauran: bayan 2020 Yamaha ya daina sayar da FJR1300 da R6 na titi a Turai, daga 2025 kuma R1 ma ya koma na filin tsere kaɗai a can.

A tsibirin Man kuwa ba a daina ba. Charlie Collier, wanda ya ci ajin silinda ɗaya a tseren farko na 1907 a kan babur ɗin Matchless, matsakaicin gudunsa mil 38 ne a awa. Cikin 2023 Peter Hickman ya zagaye hanyar dutsen cikin minti 16 da daƙiƙa 36, matsakaicin gudu mil 136, watau kimanin kilomita 219 a awa, a kan BMW na ajin da ba a yarda a sauya babur sosai daga yadda ake sayar da shi a kanti ba. Katangun duwatsun da turakun fitilun suna nan inda suke tun 1911, mahayan da suka rasu a kan wannan hanya kuma sun haura 260.